Gangunan Nibaldo da Ƙudan Ceri

A duk Los Guindos babu namijin da ya kai Nibaldo Retamal faɗin baki, babu kuma wanda ya kai shi ƙarancin abin nunawa. Ya taɓa tuƙin babbar mota a arewa wajen ma'adinai, ya kifar da ita, ya dawo yana cewa hanyar ce aka gina a karkace. Ya yi kiwon zomaye, suka tone ƙarƙashin shinge suka cinye kabejin unguwa. Duk da haka in ya kafa faffaɗar hularsa ya soke babban yatsa a ɗamara, sai ka rantse shi ya dasa tsaunukan da ke bayan gari. Yana son a kira shi Don Nibaldo kamar masu manyan gonaki. Mutane suna kiransa haka tunda faɗar ba ta cin kuɗi, in ya ba da baya su taɓe baki.

Lambun cerin da yake taƙama da shi, wato ɗan itacen nan ja mai zaƙi kamar girman kanya, shi ma ba nasa ba ne. Gadon matarsa ne, Ersilia, mace mai ƙaramin jiki da ƙarancin magana. Ita ta dasa kowane itace da hannunta, ita ke ban ruwa, ita ke sassabe rassa a cikin sanyin hunturu, shekara da shekaru tana jiran su cika. A bana suka cika, rassa har suna rusunawa ƙasa. Abu ɗaya Ersilia ke so a duniya: ranar da motar sanyi ta ƙungiyar manoma za ta zo a watan Disamba, lokacin zafi a ƙasarsu, a ɗora akwatunanta tare da na kowa, a kai su bakin teku, jirgi ya wuce da su ƙasar Sin inda ake sayen jan ceri da daraja. Dokar ƙungiya kuwa ba ta jin kunyar kowa. In aka ga tsutsa a kayan mutum, kayansa ba sa hawa mota, shekararsa ta tafi ke nan.

Tsutsar ta ƙuda ce, wani ɗan mitsitsin ƙuda mai ɗigo a fiffike. Sauran ƙudaje suna da ɗan mutunci, suna jira ɗan itace ya ruɓe. Wannan marar tarbiyya lafiyayye yake nema. Da ceri ya fara ja sai macen ta huda fatarsa ta zuba ƙwai, ba a ganin komai daga waje sai an ɓare.

Saboda shi ne malamar gona ta ƙungiya, Sinyorita Yasna, ta tara mutane a zauren bayan coci. Yarinya ce, tana yawo da wando da takalmin maza, amma ba ta magana sai da dalili. Ta ce maganin feshi iri-iri ne. Akwai mai ƙarfi, yana kashewa sosai, sai dai dole a daina shi tun da sauran lokaci kafin tsinka, domin can ƙasar Sin suna gwada ceri, in suka ji ɓurɓushinsa su maido da kaya. Akwai mai sauƙi da ake iya fesawa har kusa da tsinka, amma rana da raɓa suna cinye shi, sai an yi ta maimaitawa, kuma ba a nace wa iri ɗaya kada ƙudan ya saba. Akwai garin farin yumɓu da wasu ke fesawa tun ceri yana kore. Akwai raga mai ƙananan ido ga wanda aljihunsa ya isa. Ta ce kowanne mutum ya zaɓa, ya riƙa tsince abin da ya faɗi ƙasa, ya kuma rataya 'yan kwalabe a bakin shinge da ɗan ruwan khal da ɗan ruwan inabi a ciki. Ta nanata cewa kwalbar ba magani ba ce, mai gadi ce kawai, ta faɗa maka ƙuda ya iso.

Kowa ya gyaɗa kai. Nibaldo ya miƙe.

"Sinyorita, kwalba ɗaya ƙuda nawa take kamawa?"

"Kaɗan, Don Nibaldo. Ai na ce ta gadi ce."

"To ganga fa?"

Sinyora Otilia ce ta amsa masa, bazawarar da lambunta ke jingine da nasu, mace mai jiki da murya. Ta ce, "Zauna, makwabci, hularka ta tare wa mutane allo."

Bai zauna ba. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce feshi aikin matsorata ne da masu son azurta 'yan shagon garin Kuriko. Ya ce ga amsa a gaban hancin kowa, har malamar da ta yi karatu a birni ta riƙe ta a hannu ba ta gani ba. In 'yar kwalba tana nutsar da ƙuda kaɗan, ganga za ta nutsar da zuriyarsa gaba ɗaya. Ya yi alkawarin ba zai fesa ko ɗigo ba, kuma kafin Kirsimeti za a zo daga Santiago da na'urar ɗaukar hoto a tambaye shi sirrin.

Yasna ta fara cewa ƙamshi mai yawa kira ne ba kora ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari, ba laifinta ba ne, littafi ba ya shiga lambu. Froilan, kompadirensa, wato wanda ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, yana zaune kusa da shi yana jan gefen rigarsa. Ersilia tana layin baya, ta zuba wa ƙasa ido kamar ta yar da allura.

Akwai gangunan katako a rumfar bayan gida, cike da cica, giyar inabi, wadda ta rage daga bikin Satumba ta yi tsami. Da ma mutumin kirki ba ya tara giya har ta yi saura haka. Nibaldo ya sa zarto ya raba kowace ganga biyu, ya jera su ya cika su. Ya shiga ɗakin girki ya kwashe ruwan khal ɗin Ersilia da kwalaben matsin 'ya'yan itace da ta dafa da sukari domin hunturu, ya juye duka a ciki, ya dama da itacen shebur. Sannan ya ja su zuwa tsakiyar lambu, ƙarƙashin itatuwan da suka fi kowanne 'ya'ya.

"Tsoho," in ji Ersilia, "bakin shinge aka ce."

"Masu kwalba aka ce wa, tsohuwa. Je ki ɗora shayi."

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi gangunan. Ba ta ɗora shayin ba. Ta shiga ɗaki ta sauke labulen taga duka, har da farin mayafin aurenta mai ƙananan ido, ta zaga can ƙarshen lambu inda Nibaldo ba ya zuwa saboda nisa, ta lulluɓe 'yan itatuwa kaɗan ta ɗaure su da zare. Da ya tambayi inda labule suka tafi ta ce wanki.

Ba a jima ba ƙamshi ya cika kwarin. Ƙuda ya taso daga ƙayar bakin rafi, ya taso daga lambunan makwabta, ya taso daga inda ba a san akwai shi ba, ya yi wa lambun Ersilia rumfa kamar hayaƙi. Gaskiya wasu sun nutse. Nibaldo ya riƙa kwashe gawarsu da ludayi yana zubawa a kwalba, yana kai wa shagon gari yana girgiza wa masu sayen burodi a fuska. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙuda ba shan giya kaɗai ya zo yi duniya ba. Wanda ya sha ya tsira, reshe yake hawa ya huta, ga jan ceri a gefensa.

Kwalaben makwabta kuwa suka zama fayau. Wata safiya Otilia ta leƙo ta saman shinge da burodi mai zafi a ƙyalle.

"Ga tukuici, makwabci. Tun da na gaji lambun nan ban taɓa samun kwanciyar hankali irin ta bana ba. Baƙina duk sun tare a gidanka."

Nibaldo ya karɓa da hannu biyu, baki har kunne. "Kin gani ko? Kuma ban karɓi ko sisi a hannunki ba. In 'yan hoto sun zo zan ambaci sunanki."

"Kada ka wahalar da kanka. Ka dai ci gaba, Allah ya ƙara wa gangunanka tsami."

Ya shiga gida ya gaya wa Ersilia cewa har Otilia ta sallama.

Bayan ƙuda sai rina, masu rawayan ciki. Su ba sa nutsewa, kuma ba sa son ludayi. Suka tare shi yana tsakiyar kwasa, suka harbe shi a fatar ido da leɓe, ya fito da gudu yana dukan kansa da hula. Leɓen ya kumbura har ya kasa haɗa kalma, garin ya ɗan huta. Da bakin ya sace, abin da ya fara faɗa shi ne rina ba ta harbin mai raunin jini.

Sai kuma Kondesa, ƙatuwar aladiyar Otilia, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta. Da tsakar rana ta fasa shinge ta bi ƙamshi. Ta sha daga ganga ta farko, ta shiga cikin ta biyu ta kwanta, ta tashi tana tangaɗi ta bangaje sauran. Cica ta malale ta bi hanyoyin ban ruwa, layi bayan layi, ta kai gindin kowane itace. Lambun da a da yake da tarko a tsakiya, yanzu shi kansa ya zama tarkon. Aka iske Kondesa a kwance ƙafafu sama tana minshari, sai da aka ciro ƙyauren rumfa maza suka ɗauke ta a kai kamar gawar babban mutum.

Otilia ta biyo su da muciya a hannu. Ta ce aladiyarta 'yar gidan mutunci ce, ba ta taɓa sanin ɗanɗanon giya ba sai da ta yi makwabtaka da mashayi. Nibaldo ya ce babu wanda ya gayyace ta, kuma ita ce ta ɓata masa bincike ana gab da nasara, saboda haka Otilia ce ke da bayani.

"Ƙamshi ta bi, kamar sauran baƙinka," in ji Otilia. "Ita dai ta fi su kirki, ba ta yi maka ƙwai ba."

Ran nan da la'asar, lokacin shayi, Ersilia ta ajiye masa ceri ɗaya a kan faranti. Ja ne, kyakkyawa. Ta matsa shi da yatsa, ɗigon ruwa ya fito ta wani ɗan huji kamar na allura. Ta ɓare shi ta tura masa farantin gabansa. Wani farin abu yana motsi a ciki.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce har yanzu akwai layukan da ba su gama ja ba. Ta ce ya shiga mota gobe ya tafi Kuriko ya sayo maganin nan mai sauƙi da kowa ke fesawa, ko rabin lambun a tsira da shi. Ta roƙe shi da sunan 'yarsu da sunan mahaifinta da ke kabari. Nibaldo ya ce da ma yana da niyyar shiga mataki na biyu.

A shagon Kuriko ya daki kanta ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne ƙarfi, mai hoton ƙoƙon kai. Mai shago ya tambaye shi yaushe zai yi tsinka. Da ya ji, ya ce wannan lokacinsa ya wuce, in ya fesa shi yanzu ko tsutsa ta mutu kayan ba za su shiga jirgi ba. Ya ɗauko masa mai sauƙin. Nibaldo ya juya robar ya ce bai biya kuɗin mota tun daga Los Guindos ba domin ya sayi maganin tarin jarirai. Ya fita, ya ci empanada biyu, burodi mai nama a ciki, a tasha, ya dawo hannu rabbana, ya ce wa Ersilia kaya sun ƙare a shago amma kada ta damu, ya tuna wata dabara.

Abin da ya tuna shi ne malamar gona ta ambaci wani farin gari. Bai riƙe sunansa ba, bai riƙe lokacinsa ba. Akwai buhun farar ƙasa a rumfa, wadda ake shafa wa akurkin kaji da gindin itatuwa. A wajen Nibaldo fari fari ne. Ya jira safiyar Lahadi, ranar da Kirista ba ya taɓa aiki, Ersilia ta tafi coci, ya dama ta da kauri ya goya injin feshi a baya.

Da aka fito daga addu'a jama'a suka tsaya cirko-cirko a ƙofar coci. Daga nan ana hango lambun, fari fat tun daga ganye har ƙasa. Yara suka fara ihu wai ƙanƙara ta sauko daga tsauni a tsakiyar bazara. Ga Nibaldo a bakin hanya, shi ma fari fat, ido kawai ke motsi, yana jiran yabo.

Froilan ya matso ya yi ƙasa da murya. "Kompadire, mutanen Sin ja suke saye. An ce fari a wajensu na makoki ne."

"To ya dace," in ji Otilia daga baya.

Nibaldo ya ce shi ma ya san da haka, ai wankewa za a yi.

A ƙasar nan ko yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san nunannen ceri ba ya son ruwa a fatarsa. In girgije ya leƙo daga tsauni a watan Disamba, mata kyandir suke kunnawa a gaban waliyyi. Nibaldo ya jawo tiyo ya haɗa da injin ban ruwa. Ersilia, da kayan cocinta, ta je ta taka tiyon da ƙafa biyu.

"Za su fashe, tsoho."

"Ruwan sama ne ke fasa su. Wannan na rafinmu ne, sun san shi."

"Saiwarsu ta san shi."

Ya ɗaga ta cak ya ajiye a gefe kamar tukunya. Ya yi wa kowane itace wanka a cikin zafin rana, har da komawa kan waɗanda bai gamsu da su ba. Kafin inuwa ta juya ceri ya fara tsagewa, kowanne ya buɗe baki kamar yana yi masa dariya. Ƙudan da farar ƙasa ta ɗan kora ya dawo ya tarar an buɗe masa ƙofa, ba sai ya huda ba.

Masu manyan gonaki in ruwa ya taɓa musu ceri jirgi mai saukar ungulu suke kira, ya yi ƙasa-ƙasa ya busar da itatuwa da iskarsa. Nibaldo ya haye gada ya tafi babbar gonar ƙetaren rafi, ya ce wa mai gadi ya kira masa manaja, yana son aron jirgi, tsakanin manomi da manomi. Karnuka ne suka rako shi har gada.

Talaka kuma da fankar injin feshi yake busarwa, irin wanda tarakta ke ja, a bar tankin babu komai a bi layi a hankali. Froilan ne ke da shi. Ya san abin da zai biyo baya, amma mutum ba ya hana kompadirensa abu, haka aka gada. Ya ba shi makulli yana roƙonsa ya bar fankar a ƙasa, ya bi sannu. Nibaldo ya tambaye shi wa ake koya wa inji, shi da ya tuƙa motar da tayarta ta fi gidan Froilan tsawo.

Ya murɗa fankar har ƙarshe. Ceri ya riƙa tashi daga rassa kamar harsashi. Ya ratsa shinge ya sami zannuwan gadon Otilia da ke kan igiya, ya mayar da su kamar na mahauta. Ganye ya tashi, hula ta tashi, kajin Ersilia suka tashi ba da niyyarsu ba. Hayaƙin ƙudan nan da ya tara da hannunsa, iska ta kwashe shi ta watsa wa makwabta hagu da dama. Da Nibaldo ya waiwaya domin ya ga inda hularsa ta sauka, tarakta ta bar layi ta gangara ta kafa hanci a cikin rafin ban ruwa, fankar tana ci gaba da feshin laka sama.

Daga ranar wasa ya ƙare. Makwabta suka koma goyon injin feshi suna maimaita abin da suka riga suka gama, suna zaginsa da sunan uwa da uba. Babu mai kawo burodi. Froilan ya jawo taraktarsa da shanun aro, bai ce uffan ba, wanda a wajensa wannan babban faɗa ne.

Ersilia ba ta shiga rigimar ba. Ana gobe mota za ta zo, ta zaga ƙarshen lambu ta kwance labulenta. Ƙarƙashinsu ceri ne baƙi-baƙi saboda nuna, mai tauri, babu huji, babu tsaga, farar ƙasa ba ta taɓa shi ba. Ta tsinke shi ɗaya-ɗaya, kowanne da ɗan karansa, ta cika 'yan akwatuna, ba su da yawa amma babu na yarwa. Ta ɓoye su a rumfa ta rufe da buhu. A ranta ta ce waɗannan kaɗai za ta kai. Ko ba komai sunan gidan mahaifinta zai hau mota.

Da safe ta tafi tatsar saniya. Da ta dawo babu akwatuna, babu Nibaldo, babu keken doki.

A filin gaban coci ta same shi. Motar sanyi tana tsaye, mutane sun jera kayansu, Yasna tana bi da tebur da bokiti. Nibaldo ya sa bargon kafaɗa na ranar biki da ƙarafan dunduniya na hawan doki masu ƙara, ya ari hula. A bayansa akwatuna ne tuli guda, sun fi na kowa yawa, kowanne samansa baƙin ceri mai sheƙi. Ersilia ta gane su. Ya tsince duk abin da ya rage a rassa da wanda ya kwasa a ƙasa, ya cika akwatuna, sannan ya rarraba nata a kai ya yi musu hula.

Ya hango ta ya kashe mata ido. "Na ga ajiyarki, tsohuwa. Ke ba ki san kasuwa ba. Kaya fuska ake saye."

Ta nemi gefen dakalin coci ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya.

Da layi ya zo kansa ya yi jawabi. Ya ce jama'a su shaida, ga cerin da bai san guba ba, wanda sarakunan Sin za su yi faɗa a kansa. Yasna ta naɗe hannun riga ta tura hannu har gindin akwati, ta damƙo, ta koma wani akwatin ta damƙo. Abin da ya fito yana ɗiga. Ta zuba a farar leda, ta murƙushe, ta tsiyaya ruwan gishiri daga bokiti, ta ɗaga ledar sama inda kowa zai gani. Can sai tsutsotsi suka fara tasowa, farare, suna murɗa jiki, har saman ruwan ya yi kamar an watsa shinkafa.

Nibaldo ya ce gishirinta ne ke da tsutsa. Yasna ta nuna masa ledojin waɗanda suka gabace shi, gishiri ɗaya, ruwa garau. Ya ce to waɗannan ba irin tsutsar da ake tsoro ba ce, a buge suke, barci za su yi har ƙasar Sin. Wani ya fashe da dariya, ta bazu. Ganin haka ya cika hannu daga gindin akwati ya tura a baki, yana tauna yana duban jama'a, ruwa yana bin gemunsa.

"Ga shi. Na mutu?"

"Ci a hankali, makwabci," in ji Otilia. "Yau Juma'a, a cocinmu ba ma cin nama."

Ya tsaya da tauna. Ya dubi abin da ya rage a tafin hannunsa, wanda shi ma yake dubansa. Ya zaga bayan mota da sauri, ƙarafan dunduniya suna ƙara.

Yasna ta zo wajen Ersilia ta durƙusa ta yi magana a hankali. Ta ce ta ga na saman, ta san hannun da ya tsinke su, amma sun kwana a kan ruɓaɓɓu sun jiƙe da ruwansu, ba ta da ikon raba su. Ersilia ta ce ta sani. Aka rufe motar, ta tashi, ta bi ta gabanta da kayan kowa.

Makwabta ba su bar filin ba sai da aka yanke cewa duk cerin gidan, na akwati da na ƙasa da na reshe, a haƙa rami mai zurfi a binne shi, kada ƙudan ya ƙyanƙyashe ya kwana a garin har baɗi. Kuma wanda ya tara shi ne zai haƙa.

Washegari da hantsi Nibaldo yana cikin rami a tsakiyar lambu. Da farko shiru yake haƙa. Da ya ga mutane suna leƙowa ta shinge sai bakin ya dawo. Ya ce ramin da aka ce ya haƙa na yara ne, shi zai nuna musu yadda ake rami a ma'adinan arewa, wanda ko tsutsar da ta yi karatu ba za ta fito ba. Ya wuce ƙugu, ya wuce kafaɗa. Froilan ya ce ya isa haka, kompadire. Ya ce bai fara ba. Ƙasa ta ci gaba da fitowa, murya tana ƙara nisa, har masu kallo suka gaji suka tafi aikinsu.

Da rana ta take ya jefar da shebur, ya ɗaga hannu bai kai bakin ramin ba. Ya yi tsalle, gefen ramin ya zubo masa a ka. Ya shiga kiran tsohuwa.

Ersilia ta zo ta tsaya a bakin ramin. Ta ɗaura ƙyalle a ka, bokitin tsinka yana rataye a ƙirjinta, tsanin gidan yana kafaɗarta.

"Yauwa, miƙo shi."

"Aiki zai tafi," in ji ta. "Otilia ta ɗauke ni tsinkar lada a lambunta. Ta ce kowa ya zo da tsaninsa."

"To ni fa? Yaushe za ki dawo da shi?"

"Nata ceri mai jinkirin nuna ne. Sai bayan Kirsimeti."

Ta gyara tsanin a kafaɗa ta bi ta inda Kondesa ta fasa shinge. Tana kan reshe na farko tana jin muryarsa daga ƙarƙashin ƙasa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa da gangan ya zauna, yana duba ingancin ramin ne.